Yayana da Harafi Guda a Jinin Jikarmu

Na Allah ne, ya karɓi abinsa. Ranar Lahadi da asuba yayana ya cika a gidansa na Filinge. Ni ina Yamai aka buga mini waya. Kasuwar Balayara na ci a ranar, motarmu ta yi ta kutsawa tsakanin shanu da amalanke, har na fid da ran zan samu jana'iza. Na sauka ana jera sahu.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Tsofaffin ɗalibansa ne suka fi yawa, wasunsu da furfura fiye da tawa, kowa na cewa, "Mushe ya tahi." Haka ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a ƙasarmu. Na taɓa faɗin haka a Kano aka kwashe da dariya, don a kunnensu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka. Wani mai aikin jinya da ya zo daga Bonkuku ya ce shi har yau in ya ga albasa sai ya tuna ranar da Mushe ya sa fatarta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ce su leƙa su ga ɗakunan da Allah ya gina. Limamin unguwa ya ce, "Wa za shi ƙara tare ni bayan salla da hoton ƙwayar jini?" Wani makiyayi daga wajen Abala ya zauna can gefe, da zai tashi ya ce, "Shi kaɗai ne ɗan boko da ya tambaye ni zancen shanu kuma ya tsaya ya ji amsa." Maƙwabtanmu Zabarmawa suna ta shigowa da nasu fonda tilas, wato sannu da abin da ba makawa.

Can sai jikar yayana ta fito daga cikin gida, ɗiyar babban ɗansa, mai shekara ashirin da uku. Idonta a bushe. Ta durƙusa a gabana ta ce, "Sannu da haƙuri, Alhaji." Wani baƙo da ke kusa da ni ya yaba tarbiyyarta. Bai san cewa a wurinmu jika ba ta durƙusa wa kaka ba. Jika tsokana take yi, ta ce maka tsohon banza, ta ƙwace maka hula. Ni ƙanen kakanta ne, kakanta ne ni ma. Shekara goma sha biyu ke nan yarinyar nan tana girmama ni, kuma na san abin da na yi mata. Na ɗauki alƙalami don kada a manta da yayana, amma ba yadda zan ba da labarinsa in tsallake wannan.

Mu biyu ne kaɗai muka rayu a ɗakin mahaifiyarmu. Shi ya zauna, ni na yi yawo. Aikin tafinta ya kai ni Abijan, Aljeriya, Alƙahira, har Faransa, ina juya magana daga Faransanci zuwa Larabci, daga Zabarmanci zuwa Hausa. Shi kuwa iyakarsa Yamai, sai hajji sau ɗaya. Ya koyar da ilmin halittu har ya ajiye aiki. Auta yake ce mini, ko da na haura saba'in. Yanzu ba sauran mai kirana da wannan suna a duniya.

A tsarin karatun manyan ajujuwa akwai babin da ke cewa masu rai duka daga tushe guda suka fito, suna sauyawa sannu a hankali har suka rarrabu iri-iri. Yayana bai yarda da wannan ba, amma bai taɓa tsallake babin ba. Yakan koyar da shi tsaf, ya zana duk abin da littafi ya zana, ya yi tambayoyi har ya tabbata kowa ya gane. In an kaɗa ƙararrawa sai ya rufe littafin, ya kakkaɓe alli daga hannunsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wanga na jarrabawa ne, ku riƙe shi da kyau. Mai son jin nawa shi iske ni gindin bedi." Ba ɗalibin da ya taɓa rasa maki don ya saɓa masa.

Gindin bedin nan, itacen dogon yaro da ke ƙofar gidansa, nan muka yi gardamar da ta kai mu shekara talatin. Duk zuwana gida sai mun ɗora daga inda muka tsaya. Hujjarsa ba ta zancen biri ba ce irin ta masu wa'azin kasuwa, yakan ce wannan gardamar malalata ce. Shi daga cikin ƙwayar halitta yake farawa. A cikin kowace ƙwaya akwai wani zare da Faransawa ke kira ADN, a jikinsa an jera haruffa iri huɗu, jerinsu ne ke faɗa wa jiki yadda zai ginu.

"Auta, kai da ka ci abinci da harsuna, ka taɓa ganin wasiƙar da ta rubuta kanta?"

"Yaya, likitoci kwatance sunka yi da sunka ce haruffa."

"Kwatancen da ake karantawa, a kwafa, a aika, a yi aiki da shi? To mi ar rubutu in ba wanga ba?"

Daga nan sai ya shiga zancen ƙananan injuna da ke cikin ƙwaya, har da wani mai juyawa kamar injin niƙa. Ya ce in ka cire wa injin niƙa bel, rabin niƙa za shi yi ko tsayawa? Abin da ba ya aiki sai ya cika, ta yaya za a ce an gina shi guntu-guntu cikin dubban shekaru? Ni kuma in kawo abin da na tsinto a tafiye-tafiyena. In ce masana sun nuna wasu sassan injin suna wani aiki dabam tun kafin su haɗu. In ce rubutun jikin mutum da na wasu dabbobi sun yi kama har a wuraren da suka gurɓace, kamar takardu biyu da aka kwafo daga allo guda. Sai ya ce, "Ko kuwa hannu guda ya rubuta su."

Yana jin daɗin cewa harshenmu ma yana bayansa. Bafaranshe in zai ambaci ƙwayar nan ɗan ɗaki yake nufi, Balarabe ma kusan haka. Bahaushe kuwa ba ya iya ambatonta sai ya ce halitta. "Ka gani? Hausa ta yanke hukunci tun ba a zauna shari'a ba." A Faransa na ga likitan da ke rage murya in zai ambaci Allah a wurin aiki. A Alƙahira na ga wanda ke rage murya in zai ambaci wancan babin. Gindin bedin yayana kaɗai na san ana faɗin duka biyun da ƙarfi, ana kurɓar shayi.

Babbar hujjarsa, wadda yake ajiyewa sai ya ga na fara yin galaba, ita ce sauyin harafi ba ya gini, ɓarna kawai yake yi. "Gara ta shekara dubu tana cin littafi, ba ta ƙara mishi babi." Nan gardamar ke tsayawa kullum.

Jikar nan tasa an haife ta da amosanin jini, ciwon da a likita suke ce wa emasi. In ya taso mata, ƙasusuwanta ne ke sara har ta kasa kuka. Yayana ne mai jinyarta. Shi ke ɗumama mata ruwan wanka lokacin sanyi, shi ke goya ta a babur zuwa likita. Yana da wani kofin roba shuɗi da yake binta da shi duk yini, don mai wannan ciwo ba a bari jikinsa ya bushe. Ita kuwa bakinta ya fi jikinta ƙarfi nesa. Shi take kira mijina na gida, ni kuma mijina ɗan yawo. In na sauka daga mota ita ce farkon mai tarona: "Ka dawo? Na ɗauka wata ta riƙe ka can. Ina tsarabata, ko in sake ka gaban mutane?"

Shekarar da ta cika goma sha ɗaya, bayan an yanke hatsi, na zo gida daga wani taron likitoci da na yi wa tafinta. A can na ji bayanin ciwonta dalla-dalla, na taho da shi kamar wanda ya sayo sabuwar takobi. Bayan la'asar muka zauna, wannan karo a tsakar gida kusa da zana. Ba mu san an shimfiɗa mata tabarma a bayan zanar ba, tana farfaɗowa daga wani tashin ciwon.

Da Hausa na faɗa, don ina alfahari da yadda na juya zancen. Na ce harafi guda ne tak ya sauya a rubutun jini. Wanda ya gaji sauyin daga gefe ɗaya lafiyarsa lau, har ma masassarar sauro ba ta cika kayar da shi ba. Shi ya sa harafin ya yaɗu a ƙasashen sauro irin tamu, masu shi suka rayu suka haifa. Wanda ya gada ta uwa da uba shi ke kwanciya. Na ce, "Ga sauyi ya yi amfani, Yaya. Kuma ba wanda ya nufe shi. Kuskuren kwafi ne kurum, sauro ya raya shi."

Ya buga cinya. "Ka kawo mini hujjata da bakinka! Wanga gini ne? Je ka dubi jikarka. Ɓarna ce, Auta, rubutu mai kyau ne ya ɓaci."

Sai muka ji murya daga bayan zana, siririya.

"Kaka."

Ba mijina ta ce ba.

"Wancan ya ce kuskure, kai ka ce ɓarna. To wace ce ni ciki?"

Na yi tafinta a gaban ministoci, na yi a kotu, ban taɓa rasa kalma ba sai ranar. Yayana ya miƙe, kofin shayinsa ya kife, ya zagaya bayan zana. Na ji yana cewa ba da ita muke ba. Ta ce, "Da wa kuke?"

Kwana biyu ta ƙi ruwa, ta ƙi magani. Uwarta ta yi lallashi, ubanta ya yi faɗa. Abin da take cewa kawai, mi za a gyara ga abin da ya ɓaci tun ga rubutu. Leɓɓanta suka bushe, idonta ya ƙara yin ruwan ɗorawa. Duk gidan mun san in ta kai kwana na uku haka, ciwon zai dawo da ƙarfin da ba mu san ƙarshensa ba.

Da hantsin rana ta uku na ga yayana ya fito daga ɗakinsa da abu biyu: gafakar mahaifinmu mai takardun da aka rubuta da hannu, da wani bugu na ɗab'i da ya taho da shi daga hajji. Ya zauna a bakin tabarmarta. Ni ina tsaye a ƙofar zaure, ina ji. Yarinyar ta yi karatun allo, ta san baƙi.

Ya nuna mata wani harafi a takardar mahaifinmu. "Mi ne ne wanga?"

Da ƙyar ta ce, "Fa. Ga ɗigonta nan ƙasa."

Ya buɗe ɗaya bugun, ya ɗora yatsa. "Wanga fa?"

"Ƙaf. Ɗigo guda bisa."

"A'a. Fa ce ita ma. Mutanen gabas bisa suka sa ɗigon. Tambayi mijinki ɗan yawo, ya kwana biyu a Alƙahira yana karanta allunan shaguna a karkace, yara na yi mishi dariya." Gaskiya ne, haka aka yi. "To tsakanin kakanmu da mutanen gabas, wa ya yi kuskure?"

Ta ce, "Ba kowa."

"Ba kowa. Har ga karatu, akwai wurin da mu muke gajartawa su suna ja. Malamai ba su ce ma wanga kuskure, ruwaya suka ce mishi. Kowace da hanyar da ta biyo ta iso. Jininki ruwaya ce, ɗiyata."

"Ruwayar tana da ciwo."

"Tana da ciwo. Ban san dalili ba, kuma ba ni yi miki ƙarya in ce na sani. Amma ga abin da na sani. Harafin nan biyu gare ki. Guda ta wajen ubanki ya zo, shi kuma gare ni ya samo shi, an auna jinina an gani. Mu shidda uwarmu ta haifa, masassara ta kwashe huɗu. Mai yiwuwa harafin nan ne Allah ya tsare ni da shi har na girma na haifi ubanki. In kuskure ne, ga tushen kuskuren zaune gabanki da gemu. Ki fara jefar da ni tukuna."

Na lura hujjata ce ya ɗauka, wadda ya yi shekaru yana ture irinta, ya miƙa wa yarinya. Ya ɗauko kofin shuɗin. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta karɓa ta sha.

Ni ban shiga ba. Na ce a raina ya riga ya gyara, me zan ƙara? Bayan mako guda aiki ya kira ni. A tasha ya riƙe hannuna ya ce, "Auta, ni na ɗinke ɓarakata. Taka tana nan buɗe." Na ce yarinya ce, za ta manta. Da na dawo baɗi sai ta tare ni a durƙushe, ta ce sannu da zuwa Alhaji.

Tun daga ranar yayana bai sake kawo zancen gara da littafi ba. Gardamarmu ta ci gaba, ya ci gaba da rubutu da Mai rubutu, da injin niƙa da bel, bai ja da baya ko taki ɗaya ba a imaninsa. Amma ko na matsa shi lungu, wancan makami ba ya fito da shi. Wata shekara na tsokane shi na ce ina gara? Ya ce, "Takobi ce mai kaifi. Ta yanki ɗiyata, na rataye ta." Ni ma a wurin aiki na bar cewa kuskure, na koma cewa sauyi. Jikar tamu ba ta san da haka ba, don ban faɗa mata ba.

Bayan ya ajiye aiki sai ya ɗauki wani aikin da ba wanda ya sa shi. Duk inda ya ji ana shirin aure a dangi ko a unguwa, sai ya je ya roƙi a yi awon jini tukuna. An yi masa kallon mai shisshigi. Wani ɗan'uwanmu ya ce masa a gaban jama'a wannan ja da ƙaddara ne. Ya amsa masa a hankali, "Karanta rubutu ba gardama da Mai rubutu ba ne." Ɗan'uwan ya shekara ba ya gaishe shi. Da jikan mutumin ya kwanta ciwo, yayana ne ya fara isa gidan da babur.

Ganina da shi na ƙarshe watan jiya ne. Ya rame, muryarsa ta dushe, amma da na zauna sai ya ce in kawo abin da na samo. Na ce ban zo da komai ba. Ya ce, "Shekara talatin ban kada ka ba, ba ka kada ni ba. Ni dai na kusa zuwa inda ake sanin amsa. Sai dai ba mai kawo maka ita, Auta, sai ka zo da kanka." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Jikar ce ta shigo ta ba shi ruwa. Hutu ta zo daga Yamai, inda take koyon aikin awon jini. Ya dube ni, ya dube ta.

Ranar sadakar uku, da aka watse daga addu'a, na same ta a tsakar gida tana ɗauraye kofunan baƙi. Mata suna nan kewaye. Ta hango ni ta fara shirin durƙusawa. Na riga ta. Gwiwoyina suka yi ƙara kamar an karya kara, na kai ƙasa a gabanta.

Na ce, "Shekara goma sha biyu kina yaji. Yau na zo biko."

Ba ta ɗago ba.

Na ce, "Kalmar da na faɗa bayan zanar can, ban faɗe ta daidai ba, kuma ba ke ba ce. Na so in ci gardama, na taka ki. Kakanki ya ce in zo tun a lokacin, girman kai ya hana ni. Ki yafe mini."

Ruwa na ɗiga daga kofin da ke hannunta. Sannan ta ajiye shi, ta share hannu da gefen zane, ta dube ni sama da ƙasa.

"Harshe nawa aka ce kana ji?"

"Biyar."

"Harshe biyar, amma shekara goma sha biyu kana neman kalma guda? Kuma biko hannu banza?" Wata gwaggonta ta fashe da dariya, ta yi sauri ta toshe baki da mayafi. "Tashi, tsohon banza. Tashi kar gwiwarka ta karye a ce na kashe maza biyu cikin mako guda."

Ta kama hannuna ta ɗaga ni. Da na miƙe ba ta saki ba. Ta kifa kanta a kafaɗata, kukan da ta riƙe tun ranar Lahadi ya ɓalle, ni ma nawa ya biyo.

Allah ya jiƙan yayana, ya yalwata masa makwanci, ya sanar da shi abin da ya yi ɗokin sani. Mu da muka rage, Allah ya sa mu iske shi da fuskar da ba za mu ji kunya ba.